Makunnin Fitila Marar Batir da Waya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Danna Maɓalli Ke Samar da Lantarki

Akwai wani irin makunnin fitila da ake iya manna shi a bango, ko a jikin gilashi, ko a gefen tebur, ba tare da an ja masa waya ba, kuma ba tare da an saka masa batir ba. Da zarar an danna shi sai fitila ta kama. Wanda ya fara ganinsa yakan yi zaton akwai batir da aka ɓoye a ciki, amma ko an kwance shi gaba ɗaya ba za a samu ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da shi.

Tunda babu batir kuma babu waya, daga ina wutar take fitowa?

Daga yatsan mai dannawa take fitowa. Duk lokacin da mutum ya tura abu da ƙarfi har abin ya motsa, to ya kashe makamashi, kuma a makunnin da aka saba da shi wannan makamashin yana tafiya ne a banza, ya zama ƙara da ɗan zafin da ba a ko jin sa. A makunni marar batir kuwa an saka ɗan ƙaramin janareta a bayan maɓallin, wanda ke karɓar wani kaso na wannan ƙarfin ya mayar da shi lantarki. Lantarkin ba shi ne ke kunna fitilar ba. Aikinsa kawai shi ne ya tayar da ƙaramar na'urar rediyo na ɗan lokaci, ta aika saƙo zuwa ga wata na'urar karɓa da ke haɗe da fitilar, ita kuma ta buɗe wa fitilar wutar gidan ko ta rufe.

Me mutum zai gani idan ya buɗe shi?

Idan aka cire murfin roba na gaba, za a ga wani ɗan akwati mai faɗin kimanin milimita 40 a kowane gefe, kaurinsa kuma bai wuce milimita 11 da ɗan abin da ba a rasa ba, a irin wanda kamfanin EnOcean na ƙasar Jamus ke ƙerawa, wanda kamfanoni da dama ke saye suna sakawa cikin makunnansu. A sama da ƙasan akwatin akwai wasu sanduna biyu na roba waɗanda maɓallin ke turawa, a tsakiya kuma akwai ƙananan wuraren taɓawa guda huɗu.

A can ciki akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe ta sau da yawa a jikin wani ɗan ƙarfe, akwai maganaɗisu ƙarami mai ƙarfi, sai wani ɗan fallen ƙarfe mai lanƙwasuwa wanda ke aikin sifirin. Kusa da su akwai allon lantarki mai ɗauke da ma'ajiyar caji da ake kira kafasita, da ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki, da na'urar aika saƙo tare da eriyarta. Iyakar abin da ke ciki ke nan.

Ta yaya motsi ke zama lantarki?

Ƙa'idar tsohuwa ce. A shekarar 1831 masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, ya nuna cewa idan ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa naɗin waya ya canza, to lantarki zai bayyana a cikin wayar. A kan wannan ƙa'ida ce manyan injinan tashoshin wuta ke aiki, haka ma dinamon keke. Amma akwai sharaɗi guda wanda shi ne tushen komai a wannan batu, wato ƙarfin lantarkin da za a samu ya danganta ne da saurin canjin. Maganaɗisu da ke zaune kusa da waya ba ya motsi ba zai ba da komai ba, komai ƙarfinsa. Idan aka motsa shi a hankali za a sami abin da bai taka kara ya karya ba. Sai an sauya shi cikin ƙiftawar ido sannan a sami lantarkin da za a iya amfani da shi.

A cikin makunnin, ƙarfen da aka naɗe wa waya yana manne da ɓangare ɗaya na maganaɗisun, a ce ɓangaren arewa. Idan aka danna maɓalli, sai tsarin ya yi tsalle, ƙarfen ya koma manne da ɓangaren kudu. Wannan yana nufin ƙarfin maganaɗisun da ke bi ta cikin naɗin wayar ya juya gaba ɗaya, daga wannan fuska zuwa waccan, wanda ya ninka abin da za a samu idan da kawai cire maganaɗisun aka yi. Sakamakon haka sai wata gajeriyar bugawar lantarki ta fito, wadda ke ɗaukar 'yan milisakan kaɗan, milisakan ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa.

Me ya sa makunnin yake da ɗan tauri, kuma yake yin ƙara idan an danna?

Wannan taurin da wannan ƙarar su ne alamar dabarar da ta sa abin yake aiki, kuma a ganina nan ne hikimar maƙeransa ta fi bayyana. Yatsan ɗan Adam ba shi da saurin da ake buƙata, sannan mutane sun bambanta: wani ya danna da gaggawa, wani kuma, kamar tsoho ko ƙaramin yaro, ya danna sannu a hankali. Da a ce yatsa ne ke tura maganaɗisun kai tsaye, da makunnin zai riƙa yi wa wasu aiki yana ƙin yi wa wasu.

Don haka sai aka sanya sifirin a tsakani. Lokacin da yatsa ke tura maɓallin, maganaɗisun yana riƙe da ƙarfen ƙam, ya ƙi saki, sifirin ɗin kuma yana ta lanƙwasuwa yana tara ƙarfi. Ana cikin haka har a kai matakin da ƙarfin sifirin ya rinjayi riƙon maganaɗisun, nan take sai komai ya kuɓuce a lokaci guda. Lamarin ya yi kama da na maharbi da bakansa: ko ya ja tsirkiya da sauri ko ya ja ta a hankali, saurin kibiya yana zuwa ne daga sakin, ba daga jan ba. Saboda haka kowane danni yana ba da kusan adadin makamashi iri ɗaya, ko wane ne ya danna, kuma wannan tabbacin ne ya ba injiniyoyi damar tsara sauran kayan lantarkin daidai da abin da suka san za su samu.

Ƙarfin da ake buƙata ya kai kusan niyuton 10, wato kwatankwacin nauyin kilo ɗaya a kan yatsa, maɓallin kuma yana nutsewa ƙasa da milimita 2. Wasu masu amfani da shi sukan koka da ƙarar, musamman a ɗakin barci, kuma kokensu yana da tushe, sai dai ba a iya kawar da ita baki ɗaya ba tare da an rage saurin tsallen ba.

Nawa ne adadin makamashin da ake samu a danni ɗaya?

Ƙanƙane ne ƙwarai. Janaretan EnOcean mai suna ECO 200 yana ba da kimanin maikurojul 120 ko ɗan fiye da haka a kowane danni, maikurojul kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na jul, wato ma'aunin makamashi. Kwan fitila mai cin wat 10 yana shan jul 10 a kowace daƙiƙa, saboda haka sai an danna makunnin fiye da sau 80,000 kafin a tara abin da zai riƙe wannan kwan na daƙiƙa ɗaya tak.

Idan aka lissafa ƙarfin yatsa da tazarar da maɓallin ke tafiya, za a ga cewa aikin da mutum ya yi bai kai milijul 20 ba, wato maikurojul 20,000, kuma abin da ya zama lantarki mai amfani daga ciki bai fi wajen kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sauran ya tafi a gogayya da ƙara da lanƙwasuwar roba. Wannan asarar ba ta damun kowa, domin yatsa ba ya jin bambancin, kuma ɗan abin da ya rage ya wadatar.

To ta yaya wannan ɗan abu zai isa a aika saƙon rediyo?

Yana isa ne saboda tsananin tsimi. Ci gaban da ya sa wannan fasaha ta yiwu bai zo daga wajen janareta ba kamar yadda ya zo daga wajen kayan lantarki masu ƙarancin ci, da kuma gajarta saƙon har ya zama babu ko harafi ɗaya na banza a cikinsa.

Ga yadda abin ke gudana. Bugawar lantarkin da ta fito daga naɗin waya tana bi ta wani sashe da ke daidaita fuskarta, domin ko ta wane ɓangare ta taho ta shiga ma'ajiya ta hanya ɗaya. Kafasita ta karɓe ta ta riƙe, sannan wani sashe ya riƙa tsiyaye ta a ma'aunin da ƙwaƙwalwar lantarkin ke iya aiki da shi. Ƙwaƙwalwar, wadda kafin wannan lokacin ba barci take yi ba, a mace take gaba ɗaya, sai ta farka, ta duba wane maɓalli aka taɓa, ta haɗa saƙo, ta miƙa wa rediyo. A tsarin EnOcean rediyon yana aika bayanai da saurin kilobit 125 a daƙiƙa, don haka saƙon makunni, wanda bai ƙunshi komai ba sai lambar shaidar makunnin da bayanin maɓallin da aka danna da 'yar lambar tantance kuskure, yana ficewa cikin kusan milisakan 1. Na'urar da ke aiki da 'yan miliwat na tsawon milisakan ɗaya ba ta cin fiye da maikurojul kaɗan zuwa 'yan gommai.

Abin da ya rage a kafasita ba a barin sa. Makunnin yana maimaita saƙon, yawanci sau uku cikin kimanin milisakan 40, tare da tazarar da ba ta da tsayayyen tsawo a tsakaninsu, ta yadda idan na farko ya yi karo da saƙon wata na'ura a iska, na biyu ko na uku zai tsira. Daga nan caji ya ƙare, makunnin ya sake mutuwa, tun kafin mai dannawa ya ɗage yatsansa.

Ta yaya janareta ɗaya ke bambance kunnawa da kashewa, ko rage hasken fitila?

Waɗannan wuraren taɓawa guda huɗu da aka ambata su ne ke wannan aiki. An tsara maɓallin ta yadda zai fara taɓa ɗaya daga cikinsu kafin ya tura sandar janareta, saboda haka lokacin da ƙwaƙwalwar ta farka tana samun amsar tana jiran ta.

Batun rage haske kuma yana amfani da sakin maɓallin. Idan aka ɗage yatsa, sifirin yana mayar da tsarin inda yake tun farko, ƙarfin maganaɗisun ya sake juyawa, a sami wata bugawar lantarki mai fuskar da ta saɓa wa ta farko. Da wannan ne makunnin ke gane cewa saki ne ba danni ba, sai ya aika saƙo na biyu. Shi kansa makunnin ba ya ƙidaya lokaci, tunda ba shi da wutar yin hakan. Na'urar karɓa ce ke auna tazarar da ke tsakanin saƙonnin biyu: idan gajeriya ce ta kunna ko ta kashe, idan kuma aka ci gaba da riƙe maɓallin sai ta riƙa ƙara haske ko rage shi har saƙon saki ya iso. Da irin wannan hanya ake sarrafa labulen taga mai inji.

An ce wasu suna aiki da wani irin dutse maimakon maganaɗisu. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. A shekarar 1880 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa wasu duwatsu masu ƙyalli suna fitar da lantarki idan aka matse su. Wannan ce ƙa'idar da ke bayan tartsatsin da ake gani a cikin layita mai maɓalli, inda ɗan guduma ke bugun wani yumɓu na musamman. Irin wannan janareta yana ba da bolt masu yawa, wato ƙarfin turin lantarki, amma caji kaɗan, don haka sai an yi aikin sauko da shi kafin kayan lantarki su iya amfana, kuma yumɓun yana iya tsagewa idan ya sha bugu da yawa. An ƙera makunnai ta wannan hanya, amma mafi yawan waɗanda ke kasuwa a yau na maganaɗisu ne.

Su wa suka fara wannan fasaha?

Tunanin sarrafa na'ura daga nesa da ƙarfin yatsa kaɗai ya girmi rediyon zamani mai tsimi. A shekarar 1956 kamfanin Zenith na Amurka ya fitar da rimot ɗin talabijin mai suna Space Command, wanda Robert Adler ya tsara, kuma babu batir a cikinsa: danna maɓalli yana sa ɗan guduma ya bugi sandar alminiyam, sandar ta fitar da sautin da ya fi ƙarfin jin kunnen mutum, talabijin ta ji ta yi biyayya. Ba lantarki yake samarwa ba, amma dabarar tara ƙarfi a sifirin a sake shi lokaci guda tana nan.

A shekarar 2001 Joseph Paradiso da Mark Feldmeier na cibiyar fasaha ta MIT suka nuna maɓallin rediyo mai samar wa kansa wuta ta hanyar bugun yumɓu. A wannan shekarar ce kuma aka kafa kamfanin EnOcean a Oberhaching kusa da birnin Munich, wanda ya ɓalle daga kamfanin Siemens. An kafa ƙungiyar kamfanonin da ke amfani da tsarinsa a 2008, sannan a 2012 tsarin rediyon ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO/IEC 14543-3-10. Zigbee, wani tsarin sadarwa ta rediyo tsakanin ƙananan na'urori, shi ma ya samar da nasa sashe mai suna Green Power domin irin waɗannan na'urori, kuma makunnin Hue Tap da kamfanin Philips ya fitar a 2014 yana cikin waɗanda suka shigar da fasahar gidajen jama'a. Daga baya an sami masu aiki da Bluetooth mai ƙarancin cin wuta.

Ke nan tsarin ba ya cin wuta ko kaɗan?

A'a, kuma ya kamata mai saye ya fahimci wannan sosai, domin tallace-tallace ba su cika bayyana shi ba. Makunnin ne kaɗai ba ya buƙatar wuta. Na'urar karɓa, wadda ake sakawa a silin kusa da fitila ko a cikin akwatin wayoyi ko a cikin kwan fitilar kansa, dole ta kasance a kunne dare da rana tana sauraro, tunda ba ta san lokacin da saƙon da bai wuce milisakan ɗaya ba zai zo. Abin da take ci kaɗan ne, amma ba ya yankewa. Idan aka ɗauke wuta, makunnin zai ci gaba da aika saƙonsa, sai dai babu mai jin sa.

Nisan da saƙon ke kaiwa fa?

A fili inda babu abin da ya tare, makunnin EnOcean yana iya kaiwa mita 300, a cikin gini kuma ana lissafa kimanin mita 30. Bangon katako da gilashi na yau da kullum ba sa rage shi sosai. Bulo yana ragewa, kankare mai rodi ya fi ragewa, ƙarfe kuwa yana iya toshe shi gaba ɗaya, shi ya sa ba a son manna makunnin a jikin ƙofar ƙarfe ko a sanya na'urar karɓa cikin rufaffen akwatin ƙarfe. A manyan gine-gine ana saka na'urorin da ke karɓar saƙo su sake aika shi gaba.

Zangon da ake amfani da shi ya danganta da dokar kowane yanki: megahaz 868 a Turai, 902 a Arewacin Amurka, 928 a Japan, su kuma Zigbee da Bluetooth suna kan gigahaz 2.4. Makunni da na'urar karɓa dole su kasance a kan zango ɗaya da tsari ɗaya, in ba haka ba ba za su ji juna ba, kuma da yawa daga makunnai masu araha suna da nasu tsari na kansu wanda ba ya haɗuwa da na kowa.

Makunnin maƙwabci zai iya kunna fitilata? Wani zai iya satar saƙon?

Kowane makunni na EnOcean yana da lambar shaida mai bit 32, wato akwai lambobi fiye da biliyan 4 da za a iya rabawa, kuma na'urar karɓa ba ta amsa wa kowa sai wanda aka gabatar mata. Ana yin gabatarwar ne ta sanya ta cikin yanayin koyo sannan a danna makunnin, ita kuma ta adana lambarsa. Na'ura ɗaya tana iya koyon makunnai da dama, makunni ɗaya kuma yana iya sarrafa fitilu da dama.

Satar saƙo kuwa wani batu ne daban. Makunnin da ke aika saƙo iri ɗaya kullum, wanda ya san aiki zai iya naɗar saƙon ya sake watsa shi. Domin toshe wannan ƙofa, sababbin samfura suna amfani da tsarin ɓoye bayanai na AES mai bit 128 tare da lamba mai ƙaruwa a kowane danni, ta yadda tsohon saƙo ba zai karɓu ba. Abin sha'awa shi ne duk wannan lissafin, har da rubuta sabuwar lambar a ma'adanar da ba ta mantuwa, daga cikin waɗannan maikurojul ɗin ake biyan sa. Ga fitilar ɗaki wannan kariya ba lallai ba ce, amma ga abin da ya shafi buɗe ƙofa ko ƙararrawar neman agaji bai dace a yi amfani da makunni marar ita ba.

Shekara nawa yake yi?

Ba a auna rayuwarsa da shekaru sai da yawan danni, domin babu sinadarin da ke lalacewa a cikinsa yana ajiye. Ingantattun samfura an gwada su har danni miliyan ɗaya, wanda ko da ana danna su sau 100 a kowace rana zai ɗauki fiye da shekara 27. Abin da ke fara gajiya yawanci sifirin ne ko robar maɓallin.

Za a iya amfani da irin wannan janareta a yi cajin waya?

Ba zai yiwu ba. Batirin wayar hannu yana ɗaukar jul dubu gommai, wanda ke nufin danni miliyan ɗaruruwa kafin ya cika sau ɗaya.

Tunda ƙaramin batir ma yana daɗewa, mene ne amfanin wannan wahala?

Tambaya ce mai ma'ana. Ɗan batirin nan mai siffar kwabo, CR2032, yana ɗauke da kimanin jul 2,400, alhali danni miliyan ɗaya na makunni marar batir bai wuce 'yan ɗaruruwan jul ba. Idan yawan makamashi ake dubawa, batir ya yi nasara nesa ba kusa ba, kuma yana ba makunni damar yin abubuwan da marar batir ba ya iyawa, kamar haska kansa cikin duhu, ko sauraron amsa don ya tabbatar saƙonsa ya isa, ko yin aiki da taɓawa mai laushi marar ƙara.

Amfanin marar batir yana fitowa ne a wajen kulawa. A gida mai makunni biyu ko uku, canza batir bayan 'yan shekaru ba wani nauyi ba ne. A otal ko asibiti ko dogon ginin ofisoshi mai makunnai dubbai kuwa, batura ba sa mutuwa rana ɗaya, suna mutuwa ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai an kai ƙorafi, an nemo ma'aikaci, an buɗe makunni, sannan a san yadda za a zubar da tsohon ba tare da gurɓata muhalli ba. Ƙananan batura masu siffar kwabo kuma suna da haɗari babba idan yaro ya haɗiye su. Idan aka kwatanta da makunni mai waya, an huta da fasa bango da jan wayar jan ƙarfe, wanda ke da muhimmanci a tsofaffin gine-ginen tarihi da ba a yarda a taɓa bangonsu ba, da bangon gilashi, da ofisoshin da ake yawan sauya wa tsari. Sannan da yake babu wutar gida a cikinsa, babu fargabar jan wuta ga mai dannawa, ko da yake wanda za a saka a wuri mai laima sai an zaɓi mai murfin da ke hana ruwa shiga.